Ƙarfen da Almakashi Ke Yankawa

Ƴaƴana da jikokina: masu gyaran salula a bakin tasha, masu rumfunan caji, masu haɗa sola, ƴan kabu-kabu, da ku iyaye mata da yara ke rarrafe a gabanku. Ku ba ni aron kunnuwanku mu yi magana a kan wani ƙarfe da ya shigo gidajenmu ba tare da sallama ba. Daga Birnin Ƙonni zuwa Tsarnawa, daga Malbaza da Galmi zuwa Illela da Badagishiri, da wuya ka sami aljihun da ba ya ciki, amma kaɗan ne a cikinmu suka san halinsa. Sunansa litiyom. Shi ne ruhin batirin wayarku, da fitilar sola, da rediyo mai caji, da ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke cikin makullin mota da sikelin awo.

Kun san yadda aka yi ya yawaita. A ƙarshen shekarar 2018 aka buɗe tashar wutar sola ta Malbaza mai ƙarfin megawat 7, mutane suka gani da idonsu cewa ranar nan da ke gasa mu tana iya haska gari. Sai kuma watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, aka rufe iyaka tsakanin Ƙonni da Illelar Sakkwato, aka yi watanni ana fama da duhu. A wannan tsakani kowa ya nemi abin da zai riƙe masa wuta: wannan ya sayi fanel, wancan ya sayi batirin ajiyar caji, mai shago ya rataya fitila mai caji. An buɗe iyaka a 2024, wuta ta dawo, amma batura sun zauna daram, kuma yanzu da yawansu sun tsufa. Tsohon batir kuwa shi ne wanda yara da samari ke kai wa almakashi.

Halin wannan ƙarfe

A wurinmu ƙarfe abu ne mai tauri da nauyi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda ake zuga wuta sai ƙarfe ya yi jawur kafin guduma ta iya lanƙwasa shi. Litiyom ya saɓa wa wannan sani gaba ɗaya. Shi ne na 3 a jerin sinadaran da masana suka tsara, kuma duk cikin ƙarafan da Allah ya halitta babu wanda ya kai shi rashin nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Idan aka cika wannan litar da baƙin ƙarfe za ta kusa kilo 8, dalma kuwa ta haura kilo 11, sanholon da ake zuba tukwane da shi kilo 2.7. Litiyom giram 534 kawai zai yi, wato rabin nauyin ruwa da ɗan ɗoriya. Ko a kan mai aka jefa shi, tasowa yake yi. Wajen laushi ya fi dalma nesa ba kusa ba; wuƙa tana yanka shi, almakashi ma haka. Wajen narkewa, baƙin ƙarfe sai zafi ya haura digiri 1,500, sanholo digiri 660, dalma digiri 327, shi kuwa a digiri 180 yake narkewa, kusan zafin man da ake suyar ƙosai.

Wanda ya ji wannan zai ce ai ƙarfe ne mai sauƙin kai. To, a nan ne ake yin kuskure. Idan aka yanka shi, fuskar da ta bayyana fara ce tas mai ƙyalli irin na azurfa, amma kafin ka gama kallonta ta fara dushewa, ta yi toka-toka, ta yi baƙi. Dalili shi ne ba ya iya zama lafiya da iskar da muke shaƙa. Yana cin damshin da ke cikinta, har iskar naitirojin da yawancin ƙarafa ba ruwansu da ita, shi sai ya haɗu da ita. Idan ya taɓa ruwa sai ya hau tsuwa yana yawo a samansa, yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, ya bar ruwan ya koma mai ƙuna, dangin sodar da mata ke haɗa sabulu da ita. Gumin hannu kaɗai ya isa ya tayar da shi ya ƙona fata. Shi ya sa ba a taɓa tsintar sa tsurarsa a ƙasa yadda ake tsintar zinariya, kuma masu ajiye shi sukan lulluɓe shi da mai ko man shafawa mai kauri don kada iska ta same shi.

Gaskiya ne a ɗakunan bincike na duniya ana yanka litiyom da almakashi, kuma matasa suna ganin irin wannan a bidiyon waya. Abin da bidiyon ba ya tsayawa ya nuna shi ne shirin da ke bayan yankan. Mai yin aikin yakan sa hannuwansa cikin safar da ke manne da wani akwatin gilashi rufaffe, wanda aka zuƙe iskarsa aka cika shi da iskar argon da ba ta haɗuwa da komai. Ko kuwa ya yi aikin a ɗakin da aka busar da iskarsa ƙarau. Almakashinsa a bushe yake, idonsa a kare, abin kashe irin wannan wuta yana kusa, kuma ɗan kaɗan yake yanka. Yankan shi ne mafi sauƙi a cikin aikin duka. Wannan ita ce maganar da na tara ku dominta: don abu ya yanku a hannunka, ba shi ke nuna ka fi ƙarfinsa ba.

Wahalar da aka sha kafin ya shiga aljihu

Ku dubi tsawon lokacin da masana suka ɗauka suna lallaɓa wannan ƙarfe. A shekarar 1817 wani matashin masani ɗan ƙasar Suwidin, Johan August Arfwedson, ya gano shi a cikin wani dutse, amma bai iya raba shi da dutsen ba. Sai a 1855 Robert Bunsen da Augustus Matthiessen suka fitar da shi da ɗan yawa ta hanyar ratsa wutar lantarki cikin narkakken gishirinsa. Bayan fiye da shekara ɗari, a shekarun 1970, Stanley Whittingham ya haɗa batir mai caji da tsurar ƙarfen a ciki. Batirin ya yi aiki, sai dai in aka yi ta yi masa caji, ƙarfen yakan fitar da wasu siraran tsinkaye da ke huda cikinsa, wuta ta tashi. A 1980 John Goodenough a Jami'ar Oxford ta Ingila ya samo sinadarin da ya ƙara wa batirin ƙarfi. A 1985 Akira Yoshino na Japan ya samo dabarar da ta raba batir mai caji da tsurar ƙarfen, aka bar ƙwayoyinsa kawai suna kai da kawowa tsakanin ɓangare biyu. Kamfanin Sony ya fitar da shi kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba Whittingham da Goodenough da Yoshino kyautar Nobel, Goodenough yana da shekara 97 a duniya.

Duk da wannan taka-tsantsan, abin bai daina ba manya mamaki ba. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya, miliyoyi, saboda baturanta suna kama wuta. Da aka bincika, sai aka tarar ƴar matsewa ce a kusurwar wasu, wasu kuma ɗan tsinin walda ne ya huda abin da ke raba ɓangarorin. Idan ɗan tsinin da ido ba ya gani ya jawo wa babban kamfani wannan asara, me kuke tsammani daga bakin almakashi?

Abin da almakashi ke yi wa batir

Almakashi ba sara yake yi ba, ba kuma yanka irin na aska ba. Baki biyu ne da ke goga juna, ɗaya yana danna abu ƙasa, ɗaya yana tura shi sama, sai duk ƙarfin hannunka ya taru a ɗigo ɗaya, wurin da bakunan suka haɗu, ɗigon kuma yana tafiya gaba yayin da kake matsawa. Shi ya sa tela in ya zo wurin da yadi ya yi kauri sai ya tura shi can kusa da ƙusar tsakiya, inda ƙarfin ya fi yawa. Abu biyu nake so ku riƙe a nan. Na ɗaya, almakashi yana matse abu kafin ya raba shi. Na biyu, ƙarfe ne, kuma wutar lantarki tana bin ƙarfe.

Yanzu ku dubi cikin batirin waya. Falle-falle ne sirara aka shimfiɗa a kan juna aka naɗe. Falle ɗaya na sanholo ne da aka shafe da baƙin sinadari, shi ne ɓangare mai alamar +. Ɗayan na jan ƙarfe ne da aka shafe da wani baƙin gari dangin bakin fensir, shi ne mai alamar −. A tsakaninsu akwai wata leda mai ƙananan ƙofofi, wadda kaurinta bai kai na gashin kai ba, ita kaɗai ce ke hana su taɓa juna. Duka kuma an jiƙa su da wani ruwa mai saurin kama wuta. Ranar da almakashi ya ratsa wannan naɗi, yakan tsaga ledar, ya manne ɓangarorin biyu da juna, bakinsa kuma ya zama gadar da wuta za ta bi. Cajin da aka tanada don ya yi wuni yana fita sannu a hankali sai ya fito gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Wurin ya yi zafi, zafin ya narkar da sauran ledar, narkewar ta ƙara haɗa ɓangarorin, zafi ya ƙaru. Da ya kai wani matsayi babu mai iya tsayar da shi: sai tsuwa, sai farin hayaƙi, sai harshen wuta mai feshi. Hayaƙin guba ne, yana ƙona ido da huhu.

Na san inda wannan ɗabi'a ta samo asali, don a zamaninmu aka fara ta. Batirin rediyo da tocila na da, in ya mutu, yara sukan fasa shi su zare baƙin sandan tsakiya, a kwashe baƙin garin a shafe allon makaranta da shi. Ba abin kirki ba ne ga lafiya, amma ba ya tashi da wuta, sai kowa ya ɗauka batir abu ne da ake fasawa in ya gama aiki. Batirin yau sunan ne kawai ya haɗa su. Wanda waya ta ce ya mutu ma, sau da yawa da sauran wuta a cikinsa, wadda ba ta isa ta kunna waya ba amma ta isa ta ƙona hannu.

Wasu samarin kuma sun ji ana cewa litiyom dukiya ce, sai su ɗauka in sun farke batir za su sami abin sayarwa. Ƴaƴana, babu komai a ciki da za ku iya cira. Batirin waya ba shi da tsurar ƙarfen; litiyom ɗin da ke cikinsa bai wuce giram ɗaya ko biyu ba, shi ma a gauraye yake da wasu sinadarai, sai babbar masana'anta ke iya raba su. Inda ake samun tsurarsa shi ne batirin da ba a yi masa caji, irin mai kama da kwabo da aka rubuta wa CR2032, mai faɗin milimita 20 da kaurin milimita 3.2. Abin da ke ciki kimanin kashi ɗaya cikin goma na giram ne. Ba mai saye, ba ya ajiyuwa, ga shi yana iya raba mutum da idonsa.

Ga masu gyara da masu caji

Sana'arku mai albarka ce, kuma ina alfahari da yaron da zai buɗe wayar da aka ƙera a Sin ya gano ciwonta a kan ɗan teburi a bakin titi. Don haka nake so ku daɗe kuna yin ta da yatsunku goma da idanunku biyu. Wayoyin yanzu da gam ake manne batirinsu. Kada ku sa wuƙa, ko sukundireba, ko bakin almakashi ku ɓanɓare shi. Ku bari cajin ya sauka ƙasa sosai tukuna, don batirin da ya cika shi ya fi faɗa. Ku yi amfani da abin ɓanɓara na roba, ku ɗiga ɗan alkol a gefe ya sassauta gam ɗin, ku bi shi a hankali ba tare da lanƙwasa shi ba. Wanda ya kumbura har ya ɗaga murfi ko gilashi, iska ce ta taru a cikinsa saboda ya lalace. Kada a huda shi da allura wai don ya sace, kada a danne shi a mayar. A cire shi, a gaya wa mai waya gaskiya.

Masu farke tsohon batirin kwamfuta don su ciro ƴan gwangwanayen nan da ake kira 18650 su sa a tocila, ku kula da siririn ƙarfen da ya haɗa su. In bakin almakashi ya taɓa wuri biyu a lokaci ɗaya, wuta ta haɗe ke nan. Haka ma wayar sola ko ta batirin babur: kada a haɗa ja da baƙa a datse su tare. A cire kan batir tukuna, a yanka ɗaya, a naɗe bakinta da salatif, sannan a yanka ɗayar. Kuma ku koya wa yaran shagonku wannan tun ranar da aka kawo muku su, kafin ku koya musu riƙe abin walda. Yaron da aka damƙa maka amana ne; iyayensa sun kawo shi ya koyi abin da zai ci abinci da shi.

Sai maganar zafi. Masu ƙera batir ba sa son a yi masa caji idan zafinsa ya haura digiri 45, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu ko a inuwa zafi yakan wuce digiri 40. To, ina ga wayar da aka bari a gaban mota, ko cikin akwatin babur a rana, ko ƙarƙashin rufin kwano da azahar? Zafi yana tsufar da batir tun kafin lokacinsa, kuma yana kusantar da shi ga tashi. Kada ku yi caji a ƙarƙashin matashin kai ko a kan katifa. Mai rumfar caji kada ya jibge wayoyi a kan juna. Ya shimfiɗa su inda iska ke ratsawa, ya riƙa taɓa su, wadda ya ji ta yi zafi fiye da kima ya zare ta. Ina roƙonku musamman ku raba rumfar caji da teburin man ruwa-ruwa. A Ƙonni sau da yawa za ka gan su kafaɗa da kafaɗa, kwalaben fetur a nan, wayoyi a can, janareta a tsakiya. Manomin albasa kuma kada ya rataya fitila mai caji a jikin rudu ko rumbu ya tafi barci, don wahalar shekara guda ce a ciki, kuma kara da ciyawa ba sa jiran a kawo ruwa, balle a lokacin hunturu da iska ke kaɗawa.

Idan kuwa ƙaddara ta faɗa, waya ta fara tsuwa ko hayaƙi, a fara kashe wutar daga bango ko a zare ta daga janareta. A fitar da yara da kowa daga ɗakin, kada a tsaya shaƙar hayaƙin. In da hali a tura ta waje da shebur ko dogon icce zuwa fili inda babu abin da zai kama. Daga nesa a kwarara mata ruwa mai yawa don ta huce, ko a binne ta da yashi. Kada a ɗauke ta da hannu da zarar wutar ta lafa, domin takan sake tashi bayan wani lokaci. Wanda ya ƙone a zuba wa wurin ruwa mai tsabta na tsawon lokaci, wanda abin ya fantsar wa a ido a wanke shi sosai, a kai su likita.

Ga iyaye mata

Ƴaƴana mata, naku ya fi damuna, don abin da zan faɗa ba ya hayaƙi, ba ya ƙara. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo yana cikin kayan wasan yara masu walƙiya, da agogo, da rimot, da carbin lantarki da ake sawa a yatsa. Yana da ƙyalli da santsi, yaro mai rarrafe kuwa duk abin da ya tsinta baki yake kai shi. In ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yawu yakan haɗa ɓangarorinsa biyu, wutar da ke ciki ta mayar da damshin wurin ruwa mai ƙuna. Cikin awa 2 kacal yana iya yi wa hanyar abinci mummunan rauni, har ya huda ta. Yaron zai iya kasancewa yana numfashi, yana ɗan wasa, sai dalalar da yawu, ko ƙin abinci, ko amai, ko tari, a ɗauka mura ce. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

In kin ga ya haɗiye, ko kina zato, kada ki jira gari ya waye, kada ki jira maigida ya dawo daga kasuwa. Kada a sa masa yatsa don ya yi amai, kada a ɗura masa jiƙo ko abinci. A nufi asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton ƙirji, ko na Ƙonni, ko na Galmi, ko babban asibitin Tawa, a gaya wa likita ƙarara cewa batir ne. Likitocin da suka yi nazarin wannan matsala suna ba da shawarar cewa in yaron ya cika shekara 1, yana iya haɗiya, kuma abin bai wuce awa 12 da faruwa ba, a riƙa ba shi zuma ƙaramin cokali 2 duk bayan minti 10, har sau 6, a kan hanyar zuwa asibiti. Zumar tana rage ƙunar ne kawai, ba ta fitar da batirin, don haka kada neman ta ya jinkirta tafiya. Jaririn da bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma. Rigakafin duk wannan mai sauƙi ne: kayan wasan da murfin batirinsa ba shi da ƙusa, a naɗe shi da salatif ko a raba yaro da shi, sabon batir da tsoho kuma a ajiye su inda hannunsa ba ya kaiwa.

Ga masu shirin tafiya haƙar dutse

Mu mutanen Adar da Ƙonni tafiya ci-rani gadonmu ce, kuma labarin litiyom ya fara kiran samari. Gaskiya ne duniya tana neman sa saboda motoci masu aiki da batir. Ostareliya tana fasa shi daga dutse, Chile tana shanya ruwan gishiri a hamadar Atakama ta tace shi. A kusa da mu, an buɗe masana'antar sarrafa dutsensa a jihar Nasarawa ta Najeriya a watan Mayu na 2024, Mali kuma ta buɗe mahaƙar Gulamina a watan Disamba na 2024. Dutsen da ake haƙowa ba ya kama wuta, litiyom ɗin da ke cikinsa kaɗan ne kuma a ɗaure yake. Haɗarinsa na dabam ne: ramin da ba a tokare ba yakan rufta, ƙurar dutse kuma tana cin huhu a hankali. An ga yara ƙanana suna wannan aiki a ramukan Nasarawa maimakon zaman aji.

Ku tuna abin da ya sami maƙwabtanmu na Zamfara a 2010. Mutane suka riƙa kawo dutsen zinariya cikin gida suna daka shi a tsakar gida, ba su san akwai dalma a ciki ba. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum kafin a shawo kan abin. Ba mugunta ce ta kashe su ba, rashin sani ne, wanda aka ce ya fi dare duhu. Wanda zai tafi neman halalinsa Allah ya ba da sa'a, amma kada ya shiga ramin da bai ga an tokare ba, ya rufe hancinsa, kada ya ɗauki ƙaninsa ɗan makaranta, kuma kada ya kawo dutsen da bai sani ba cikin gida.

Abin da nake roƙo

Ban ce ku guji waya ko sola ba. Da wannan batir ɗalibi ke bitar karatu da dare a ƙauyen da babu turken lantarki, da shi ungozoma ke haska ɗakin haihuwa, da shi ɗan ci-rani ke jin muryar mahaifiyarsa daga Abijan ko Legas. Ni'ima ce, kuma godiyar ni'ima ita ce a san yadda ake riƙe ta. Addininmu ya hana mutum ya cutar da kansa ko ya cutar da wani, kuma jefa mataccen batir a bola inda yara ke tone-tone, ko inda za a cinna wa shara wuta, yana cikin cutarwa.

Saboda haka kowane gida da kowane shago a sami gwangwanin ƙarfe mai murfi, a zuba busasshen yashi a ciki. Batirin da ya mutu a liƙe bakinsa da salatif a sa shi a nan, a ajiye a inuwa, nesa da wurin kwana da wurin girki. Shugabannin masu gyaran waya na Ƙonni da Malbaza da Illela su zauna da hukumomin garuruwansu a ware wuri guda da za a riƙa tara su. Malaman makaranta su ɗauki darasi ɗaya su yi wa yara bayani, limamai su sa kalma biyu a cikin huɗuba, gidajen rediyonmu su maimaita. Kai kuma ɗana, in ka ga ƙaninka ya ɗauki almakashi ya nufi batir, kada ka tsaya ga tsawa kawai. Karɓe almakashin, ka zaunar da shi, ka gaya masa abin da ke ciki, domin yaron da ya san dalili ba ya komawa ko da ba ka nan. Allah ya tsare mu da zuriyarmu, ya sa albarka a sana'o'inku.